Yadda na haɗa rifita don Wi-Fi ya isa ƙuryar gida

Rautar gidanmu, wato na'urar da ke karɓar intanet daga kebul ta watsa shi ta Wi-Fi, tana nan inda masu haɗa intanet suka girke ta, a falo kusa da ƙofar shigowa, don nan kebul ɗinsu ya tsaya. A falon komai lafiya lau. Amma ɗakin da nake aiki yana can ƙurya, da bangaye masu kauri tsakaninsa da falo, ga banɗaki a tsakiya. A ɗakin nan alamar Wi-Fi takan sauko zuwa sanda ɗaya, wani lokaci ta ɓace ɗungurungum, kiran bidiyo ya riƙa tsinkewa ana tsaka da magana. Abin da ya kai ni ga sayen rifita ke nan, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a soket, ta karɓi siginar rauta ta sake watsa ta gaba. Takardar da ke cikin kwalinta ta nuna aikin a 'yan hotuna kamar danna maɓalli biyu ne a gama. Abubuwan da suka tsayar da ni kuwa babu ko ɗaya a cikinta, shi ya sa nake rubuta su daki-daki yadda suka zo mini.

Kafin in kashe kuɗi sai da na fara da abin da ba ya cin komai. Na ciro rautar daga bayan talabijin inda take ƙunshe, na ɗora ta a kan kanta mai tsayi, na miƙe eriyoyinta tsaye. An ɗan samu canji a ɗakunan kusa, amma ƙuryar tana nan yadda take. Daga nan na sauke manhajar awon Wi-Fi a wayar Android, domin sandunan da ke saman waya ba awo ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Manhajar tana ba da ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma lambar kullum tana ƙasa da sifili, abin da ke ɗan juya wa mutum kai da farko: -50 ya fi -70 ƙarfi, kuma duk tazarar 10 a lambar tana nufin ƙarfin ya ragu ninki 10. Masu girka Wi-Fi sukan ɗauki -67 a matsayin iyakar da kiran murya da na bidiyo ke tafiya ba tangarɗa. Na bi gidan ɗaki-ɗaki ina rubuta abin da na gani. A falo lambar tana wajen -40, a tsakiyar baranda ta ciki wajen -60, da na wuce banɗaki sai ta faɗi, a ɗakina tana yawo a kusa da -80. Gani ya kori ji. Wannan takardar da na rubuta ita ce ta fi yi mini amfani a duk aikin, don daga baya ita ta nuna mini inda zan soka na'urar. Mai iPhone zai iya yin irin wannan awon da manhajar AirPort Utility ta Apple, in ya kunna sashen binciken Wi-Fi a saitinta.

Wajen zaɓen na'ura na tarar da iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai rubutun N300 a kwali, wadda ke aiki a zango ɗaya na igiyar rediyo, wato 2.4 GHz, ita ce mafi araha. Akwai mai rubutun AC750 ko AC1200, wadda ke aiki a zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Lambobin nan ba gudun da mutum zai gani ba ne. AC1200 jimillar 300 ce ta zangon 2.4 da 867 ta zangon 5, aka cike ta zuwa 1200, kuma babu wayar da ke amfani da zangunan biyu ta haɗa gudunsu haka. Abin da ya sa na ƙara kuɗi na ɗauki mai zango biyu shi ne yadda rifita ke aiki. Rediyonta ba ya saurare da magana a lokaci guda a tasha ɗaya, wato ƙaramin yanki na cikin zango. Idan zango ɗaya gare ta, dole ta karɓi kowane ƙunshin bayani daga rauta, sannan ta sake faɗa wa wayarka a kan tashar nan dai, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi tun kafin a yi maganar bango. Mai zango biyu tana iya magana da rauta a wani zango, ta yi magana da wayoyi a ɗayan. Na kuma tabbatar tana da ramin kebul na Ethernet, wato kebul ɗin da ke haɗa na'ura da rauta kai tsaye, na adana rasit da takardar garanti, na tambayi sharaɗin mayarwa idan ba ta biya buƙata ba. Ina ganin wannan tambayar wajibi ce, don babu mai iya ce maka rifita za ta yi a gidanka sai an gwada ta a cikin bangayen gidan.

Da na buɗe kwalin, sai na fara da karanta tambarin da ke manne a bayan na'urar kafin in soka ta, don in ta shiga soket bayanta yana jingine da bango, ba ka ganin komai. Na ɗauki hotonsa. A nan aka rubuta sunan Wi-Fi ɗin da take fitowa da shi daga masana'anta, da adireshin shafin saitinta, da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da ake gane kowace na'ura da ita a kan Wi-Fi. Kowane kamfani da irin adireshinsa, misali na TP-Link tplinkrepeater.net ne, na Netgear kuma mywifiext.net, kuma galibi akwai adireshin lamba mai farawa da 192.168 a gefe. Na ɗaga rautar ma na ɗauki hoton tambarin da ke ƙarƙashinta. Sannan na soka rifitar a soket ɗin da ke falo, taku kaɗan daga rauta. Duk saitin farko a kusa da rauta ake yin sa, sai an gama a kai ta mazauninta. Fitilar wuta ta yi ta ƙyaftawa, na jira kamar minti ɗaya har ta tsaya cak.

Hanyar da takardar ta fi yabawa ita ce ta WPS. Ka danna maɓallin WPS na rauta, cikin minti 2 ka danna na rifita, su haɗa kansu ba tare da ka rubuta kalmar sirri ba. Na danna, fitila ta yi ta ƙyaftawa har wa'adin ya cika, ta mutu. Na sake, haka dai. A nan ne raina ya fara ɓaci, ina tunanin ko an sayar mini da lalatacciya. Ashe lafiyarta ƙalau, rautar ce aka kashe mata WPS daga cikin saiti, maɓallin yana nan amma ba ya aikin komai. Kuma da dalili ake kashe shi. A ƙarshen 2011 wani mai bincike kan tsaro, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar PIN mai lamba 8 da WPS ke amfani da ita ana tantance ta ne rabi-rabi, har mai kutse zai iya gano ta da gwaji kusan 11,000 kacal. Tun daga nan masana ke ba da shawarar a kashe shi. Ƙari a kan haka, tsarin tsaro na WPA3 da ya fito a 2018 ba ya tafiya da WPS, don haka wanda rautarsa ke kan WPA3 zalla zai yi ta danna maɓalli a banza. Ban kunna WPS ɗin ba. Na koma hanyar burauza, wato shiga shafin saitin rifitar ta manhajar buɗe shafukan intanet, kuma ita nake ba kowa shawarar bi, domin kana ganin duk abin da ake saitawa da idonka.

Na buɗe jerin Wi-Fi a waya, na ga sunan rifitar, ba ta da kalmar sirri, na shiga. Wayar ta ce an haɗa amma babu intanet. Haka ya kamata ta ce, tunda rifitar ba ta san rauta ba tukuna. Na rubuta adireshin a burauza, shafi ya ƙi buɗewa. Dalilin shi ne wayoyin yanzu in suka ga Wi-Fi ba shi da intanet, sai su sulale su koma kan datar layi a ɓoye, alamar Wi-Fi tana nan a sama amma buƙatarka ta bi ta wata hanya, kuma adireshin rifita ba ya nan a intanet, a cikin na'urar kawai yake. Na kashe data, na kashe VPN, wato manhajar da ke bi da haɗin waya ta wata hanya daban, na amsa wa wayar cewa ta zauna a kan wannan Wi-Fi ɗin duk da babu intanet. Sai kuma abu na biyu: a rubuta adireshin a layin adireshi na can sama, don in aka rubuta shi a akwatin bincike, burauza za ta tafi neman sa ne a Google. Da na yi haka da adireshin lamba, shafin ya buɗe nan take. Abu na farko da ya nema shi ne in ƙirƙiri kalmar sirrin shiga saiti. Wannan daban take da kalmar sirrin Wi-Fi, ita ce makullin shafin gudanarwa, kuma na rubuta ta a takardar nan da na yi awo a kai.

Shafin ya tambaye ni yanayin aiki, na zaɓi wanda aka rubuta Repeater, wasu na'urorin Range Extender suke rubutawa, abu ɗaya ne. Ta yi bincike ta jero duk Wi-Fi ɗin da take ji, har da na maƙwabta. Na ga namu na zangon 2.4, amma na zangon 5 babu shi, alhali wayata tana ganin sa a wuri guda. Wannan ya ci mini lokaci fiye da komai a saitin. Dole na shiga shafin rautar kanta, wanda a yawancin gidaje yake 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Kalmar sirrin da ke tambarin ƙarƙashinta ta ƙi shiga, don masu girkawa sun canza ta. Na kira layin kula da abokan ciniki na kamfanin intanet ɗin, na daɗe a kan layi ina sauraron kiɗan jira, suka nemi lambar asusuna da sunan da aka yi rajista da shi. Ma'aikaciyar ta ce, “Malam, zan turo maka ta saƙo, amma don Allah kada ka taɓa sashen haɗin intanet, sashen Wi-Fi kawai.” Shawara ce mai kyau, kuma na bi ta. Da na shiga sai na ga rautar ta zaɓar wa kanta tasha ta 100 a zangon 5. Tashoshi daga 52 zuwa 144 ana tarayya a kansu ne da na'urorin rada, irin na hasashen yanayi, kuma doka ta sa rauta ta saurara kafin ta hau su, ta kuma sauka in ta ji rada. Wannan tsarin DFS ake kiran sa, kuma rifita da yawa ba sa hawa waɗannan tashoshin sam. Na mayar da ita tasha ta 36, wadda tare da 40 da 44 da 48 ba su da wannan sharaɗin. Tunda ina ciki, na duba zangon 2.4 ma. Tashoshinsa a matse suke suna hawa kan juna, 1 da 6 da 11 ne aka saba zaɓa don ba sa taɓa juna, sai na zaɓi wadda manhajar ta nuna ta fi ƙarancin maƙwabta. Rauta ta sake tashi, na koma wa rifita na sake bincike, ga zangon 5 ya bayyana.

Wajen sa kalmar sirrin Wi-Fi ɗin gida a shafin rifitar a kula sosai. Na danna alamar ido don in ga abin da nake rubutawa, na duba manyan baƙaƙe da ƙanana. Rifita da yawa ba sa gaya maka ka yi kuskure a nan. Za ta karɓa, ta ce an gama, ta sake tashi, ta fito da sabon Wi-Fi wanda waya za ta hau lafiya amma babu intanet a ciki, kai kuma ka rasa ta ina matsalar take. Daga nan ta tambaye ni sunan da zan ba sabon Wi-Fi ɗin, ko in bar shi da sunan na rauta, ko in yarda da wanda ta ba da shawara, wato sunan namu da EXT a ƙarshe. Na ɗauki suna daban. Dalilina shi ne ina gab da fara gwajin wuri, kuma in sunan ɗaya ne ba zan san ko wayata tana kan rauta ko tana kan rifita ba, awon zai zama shirme. Na danna adanawa, fitilu suka mutu, na jira kamar minti biyu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ta sigina ta kama da launin da takardar ta ce yana nufin an haɗu. Na hau sabon sunan, shafi ya buɗe. Hankalina ya kwanta a karon farko tun da na buɗe kwalin.

Sai dai da na so komawa shafin saitin rifitar, adireshin lambar da na yi amfani da shi ɗazu ya daina aiki. Wannan ma ba lalacewa ba ce. Da zarar ta haɗu da rauta, ta zama ɗaya daga cikin na'urorin gida, rautar ce ke ba ta sabon adireshi ta tsarin DHCP kamar yadda take ba waya da kwamfuta. Na koma shafin rauta, na buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, na nemo lambar MAC da na ɗauki hotonta, na ga sabon adireshin a gefenta. Na kuma keɓe mata wannan adireshin a saitin rauta don kada ya riƙa canzawa duk lokacin da aka kashe aka kunna. A cikin jerin nan na lura da wani abu da zai dami masu tace na'urori da lambar MAC: wayar da ta biyo ta rifita takan bayyana a rauta da wata lamba daban da tata ta asali, don rifita da yawa suna sauya lambar. Wanda ya saita rautarsa ta karɓi sanannun lambobi kawai, zai ga duk wanda ya biyo ta rifita an tare shi, har sai ya ƙara sababbin lambobin a jerin.

Yanzu aka zo kan abin da ya fi duk saitin nan muhimmanci, wato inda za a soka ta. Hankali yakan ba mutum cewa tunda ɗakin ƙurya ne ba shi da sigina, can za a kai ta. Na gwada can ɗin don in ga abin da zai faru. Alamar Wi-Fi a wayata ta cika fal, abin sha'awa. Na buɗe bidiyo, ya tsaya yana juyi kamar yadda ya saba. Na yi gwajin gudu a fast.com, abin da ya fito bai fi na da ba, jinkirin amsawa ma ya ƙaru. Sandunan nan suna nuna ƙarfin haɗin da ke tsakanin waya da rifita ne kawai, kuma rifitar tana gefena, dole su cika. Haɗin da ke tsakanin rifita da rauta kuwa yana nan a -80 ɗinsa, waya ba ta nuna maka shi. Rifita ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ta ji shi take maimaitawa. Kamar mutum ne da aka tsayar tsakanin masu magana biyu da suka yi wa juna nisa don ya riƙa isar da zance: in ya je ya tsaya a gefen mai sauraro, shi ma ba zai ji mai maganar ba, duk ƙarfin muryarsa guntun zance zai isar. Ina jin yawancin waɗanda ke cewa rifita ba ta da amfani a nan suka tsaya, sun ga sanduna sun cika, intanet bai gyaru ba, suka jefa ta a durowa.

Na ɗauko takardar awona. Abin da nake nema shi ne soket mafi kusa da ɗakina wanda siginar rauta ke isa gare shi da ƙarfi, kada ta gaza -65 ko makamancin haka. Wurin ya faɗo a barandar ciki, kafin a kai banɗaki. Na riƙa matsar da ita daga soket zuwa soket, kowane karo in jira ta tashi, in je ɗakina in zauna inda nake zama, in yi gwajin gudu, in rubuta. Ba a buƙatar sake saiti in an cire ta, tana riƙe da komai. Na gano abubuwan da ban zata ba. Wani soket da ya fi kusa da rauta ya fi muni, don yana bayan firji, kuma ƙarfe yana tare sigina. Wani yana ƙasa sosai a bayan kujera. Bangon banɗaki ya fi sauran cin sigina saboda tayil da bututun ruwa da babban madubi, don bayan madubi shafen ƙarfe ne, ruwa kuma yana shanye irin wannan igiyar rediyo. Siminti mai rodi a ciki ma haka yake. Na'urar maikirowef da kayan Bluetooth duk a zangon 2.4 suke aiki, shi ya sa ba a son rifita kusa da su. A ƙarshe soket ɗin da ya yi nasara shi ne wanda ke fuskantar ƙofar falo ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma yana hango ƙofar ɗakina, ta yadda sigina ke bi ta buɗaɗɗen wuri maimakon huda bango. Yana can ƙasa, sai na jawo gajeren kebul na ƙarin soket na ɗora ta a kan teburi don ta ɗago sama. Wannan ɗagowar kaɗai ta kawo bambanci da ake gani a awo.

A wannan mazaunin sai na koma kan zanguna. Zangon 5 ya fi gudu kuma ba shi da cunkoso, amma ya fi saurin raunana a bango. Zangon 2.4 ya fi nisa amma a hankali yake, kuma kowa a kansa yake. Tunda tsakanin rauta da rifita yanzu kusan fili ne, na sa su riƙa magana da juna a zangon 5, ita kuma ta ba ɗakina a zangon 2.4, wanda ya fi iya wuce bangon da ya rage. Ba duk rifita ke ba da wannan zaɓin ba, kuma sunansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a nemi sashen da ke maganar keɓe zango ɗaya don haɗi da rauta. Na gwada akasin haka ma, ya fi rauni a gidana, amma a wani gidan zai iya fin kyau, awo ne zai raba gardama. Gudun da na samu a ɗakina bai kai na falo ba, kuma ban sa ran zai kai ba, amma ya ninka abin da nake samu a da sau da yawa, kiran bidiyo ya daina yankewa. Na ji daɗi ƙwarai, don abin da na saya ta dominsa ke nan.

Bayan an kwana biyu ana amfani da ita, wata ɗabi'a ta wayoyi ta fito fili. Waya ce ke yanke shawarar lokacin da za ta bar wani Wi-Fi ta hau wani, kuma takan manne wa wanda take kai har sai ya kusa ɓacewa. In na taho daga falo zuwa ɗaki, tana nan riƙe da rauta da sanda ɗaya alhali ga rifita a kusa. In na koma falo kuma ta manne wa rifita, ina zaune a gaban rauta ina bin doguwar hanya. Na gwada ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Mutanen gida sun fi son haka don ba sa zaɓen komai, amma mannewar ba ta tafi ba, ɓoyuwa kawai ta yi, kuma maganinta shi ne a kashe Wi-Fi na waya a sake kunnawa. A kwamfuta mai Windows, umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna lambar na'urar da kake kai a layin BSSID, da shi nake tabbatarwa. Na koma kan suna biyu, na sa kwamfutar ɗakina ta manta da na rauta gaba ɗaya, talabijin ɗin falo kuma ba ta san da na rifita ba. Na'urorin da ba sa yawo sun huta, wayoyi kuma mai su yana ganin inda yake. Tsarin da ke magance wannan da kyau shi ne na mesh, inda na'urori da yawa ke aiki tare suna taimaka wa waya ta sauya ta ƙa'idojin 802.11k da v da r, amma ya fi tsada, kuma ga ɗaki ɗaya ban ga dalilinsa ba.

Na duba sashen sabunta manhajar cikin rifitar, na tarar akwai sabuwa. Na bar ta ta sauke ta girka, ban taɓa soket ba har ta gama ta sake tashi, don yanke wuta a tsakiyar wannan aikin yana iya kashe na'ura har abada. Na tabbatar tsaron sabon Wi-Fi ɗin yana kan WPA2 da AES, tsarin da ke kulle bayanan da ke bi ta Wi-Fi, na kashe WPS a ita ma. Duk wanda ya ga zaɓin WEP kada ya kusance shi, an daɗe da fasa shi. In kuma rauta tana kan WPA3 zalla, rifitar ta ƙi haɗuwa, a mayar da rautar kan yanayin da ya haɗa WPA2 da WPA3, yawanci shi ke nan.

Akwai matsalolin da rifita ba ta taɓawa, kuma gara a sani kafin a saya. In gudun intanet a gaban rauta ma bai da kyau, matsalar daga layin kamfani take ko daga rautar, rifita ba za ta ƙara komai ba. In babu wani soket a tsakiya da sigina mai ƙarfi ke isa gare shi, kamar a gida mai bene da dakalin siminti tsakani, ba ta da abin maimaitawa. Jera rifita biyu, ta biyu tana ɗauka daga ta farko, yana ƙara rage gudu da ƙara jinkiri a kowane tsalle. A irin wannan yanayi ramin Ethernet ɗin nan ne mafita: a ja kebul daga rauta zuwa inda ake so, a juya na'urar zuwa yanayin Access Point, sai ta daina dogaro da iska wajen magana da rauta. Kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, sai dai a duba ramin na'urar, don na wasu masu araha a 100 Mbps ya tsaya. Akwai kuma na'urorin Powerline masu bi ta wayar lantarkin gida, amma ingancinsu ya danganta da yadda aka ja wayar.

Abu na ƙarshe da ya faru shi ne ranar da muka canza kalmar sirrin Wi-Fi na rauta. Nan take rifita ta yanke, don tsohuwar kalmar take riƙe da ita, sunanta yana nan a jeri amma babu intanet, fitilar sigina ta canza launi. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga farko. Na mayar da ita falo, na sa tsinken allura a ƙaramin ramin da aka rubuta Reset tana kunne, na danne na 'yan daƙiƙoƙi har fitilu suka mutu, tsawon dannawar yana rubuce a takardarta. Wannan yana goge komai, har kalmar sirrin shiga saiti, ta koma da sunanta na masana'anta. Na kashe datar waya, na buɗe hoton tambarin, na bi matakan nan da na lissafa, na ba ta sunan da take da shi a da don kwamfutar ɗakina ta gane ta, na sa sabuwar kalmar a kowace na'ura. Tashar rauta tana nan a 36, adireshin da na keɓe wa rifitar yana nan, cikin 'yan mintuna na mayar da ita kan teburinta a baranda ta ci gaba da aiki.